Kwantiragi na Biyu: Yadda Matashin Tauraron Hoki Zai Yi Ciniki a Gasar NHL

Ni akanta ne a nan Kanada, lissafin albashin mutane ne abincina, kuma har yau ban taɓa yin minti biyar a kan takalmin ƙanƙara ban sha ƙasa ba. Ta ƙofar lissafi na shigo hoki. Tun 2016 nake da wani littafi mai baƙin bango, ina rubuta duk babban kwantiragin da matashin ɗan wasa ya sa wa hannu a gasar NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada. Kowane shafi na raba shi gida uku: kuɗin da za a riƙa biya a shekara, kason da kuɗin ya cinye daga rufin albashin ƙungiya (iyakar abin da aka yarda ta kashe a kan 'yan wasanta), sai shekarun da yaron zai kai ranar da kwantiragin zai ƙare. Gidan farko jaridu ke bugawa da manyan baƙaƙe. Ni kuwa a sauran biyun nake gane wanda ya ci riba.

Abin da na fara rubutawa a littafin ma kuskure ne. A watan Yulin 2016 Nathan MacKinnon ya sa wa Kolorado hannu na shekara 7 a kan dala miliyan 6.3 duk shekara. Lokacin bai cika 21 ba, kuma maki 52, wato ƙwallayen da ya zura da waɗanda ya taimaka aka zura, ya tara a kakar da ta gabata. Na rubuta a gefen shafin da jan biro: "Yaro ya more." Kaka biyu bayan nan ya tara maki 97. A 2022 ya ɗaga kofin Stanley, na zakaran gasar, kakar da ta biyo ya tara 111, duk a kan miliyan 6.3 ɗin nan, alhali waɗanda ba su kama ƙafarsa ba suna karɓar 10 da 11. Ban goge rubutun ba. Na bar shi don ya riƙa ja mini kunne.

To, ƙanena, mu ɗauka kai ne yaron. An zaɓe ka a sahun farko na zaɓen sababbin 'yan wasa da ƙungiyoyi ke yi duk shekara kana ɗan 18, ka yi kaka uku kana haskawa, yanzu kwantiragin shiga ya zo ƙarshe. Ga yadda zan so ka bi lamarin.

Fara da auna igiyar da ke ƙafarka

Tun bayan da masu ƙungiyoyi suka garƙame filaye aka rasa kakar 2004-05 ɗungurungum, kowace ƙungiya tana da iyakar abin da za ta kashe a kan albashin 'yan wasanta gaba ɗaya. Shi nake kira rufin albashi. Da dala miliyan 39 aka fara. Abin da ake lissafa wa ƙungiya a kanka shi ne matsakaici: a haɗa kuɗin kwantiragin duka, a raba da yawan shekarunsa. Ɗan wasa ɗaya ba zai wuce kashi 20 cikin 100 na rufin ba. Kuma a wannan gasar, in ka sa hannu ka sa ke nan. Babu dawowa teburi bayan shekara biyu a ce a sake lale don ka zura 50 a raga. Ita ma ƙungiyar ba ta isa ta rage maka ko sisi don wasanka ya ja baya ba.

Kwantiragin shiga babu ciniki a cikinsa na a zo a gani. Wanda ya sa hannu tsakanin shekara 18 da 21, kaka uku ne, iyakar albashin wajen dala miliyan ɗaya ce, sai ladan bajinta a kai. Da ya ƙare kuma ba sakin ka aka yi ba, ɗaurin talala ne. Muddin ƙungiyarka ta miƙa maka tayin riƙo a kan lokaci, wato tayin kaka ɗaya da ake ɗorawa a kan albashinka na ƙarshe, haƙƙinka yana hannunta. Cikakken 'yanci sai ka kai shekara 27, ko ka cika kaka 7 a gasar, duk wanda ya riga zuwa. Kakar da ake ƙirgawa kuwa ita ce wadda ka yi wasa 40 sunanka na cikin jerin ƙungiya, 30 in kai gola ne.

Ka zauna da wakilinka ku ƙirga wannan da yatsu kafin a ambaci ko dala ɗaya. Wanda ya shiga yana ɗan 18 ya zauna daram, zai kuɓuta yana ɗan 25. Wanda ya tsaya ya yi jami'a ko ya daɗe a Turai, sai 27. Ratar shekara biyun nan miliyoyi ce. Kai da ka fara da wuri, saura kaka huɗu na talala a gabanka, kuma duk abin da ke bayan huɗun nan naka ne, ba wanda ya isa ya taɓa sai ka sayar.

Ka yi magana da kaso

Manajan ƙungiya zai zo maka da misalai. Zai ce ga wane, makinsa ɗaya da naka, ga abin da ya karɓa shekara uku da suka wuce. Kada ka yi gardama a kan sunan. Ɗauko biro ka raba kuɗin wancan da rufin shekarar da ya sa hannu.

Misali, Leon Draisaitl ya karɓi miliyan 8.5 a Edmonton a 2017, lokacin rufi na miliyan 75. Kashi 11.3 ke nan. Kason nan, in ka ɗora shi a kan rufin 2025-26 na miliyan 95.5, ya kusa miliyan 11. Duk manajan da ya ce maka "Draisaitl ma 8.5 ya karɓa", da farashin bara waccan yake so ya saye ka.

Wannan lissafin ya fi muhimmanci yanzu fiye da kowane lokaci tun da na buɗe littafina. Daga 2019 rufi ya tsaya cik a miliyan 81.5 har kaka uku saboda korona, sannan ya ja jiki zuwa 82.5, ya ƙara zuwa 83.5. A 2024-25 ya hau 88. Sai a Janairun 2025 gasar da ƙungiyar 'yan wasa suka sanar da na kaka uku a jere: 95.5, sannan 104, sannan 113.5 a 2027-28. Ba kasafai ake gaya wa mai sayarwa farashin gobe tun yau ba. Dubi Jack Hughes na New Jersey: miliyan 8 na shekara 8 ya sa wa hannu a ƙarshen 2021. Da kwantiragin ya fara aiki, kashi 9.7 ne na rufi. In rufi ya kai 113.5, ya koma kashi 7, kuma a kan miliyan 8 ɗin zai zauna har 2030. Ba wanda ya zalunce shi, miliyan 64 ba wasa ba ne. Amma kullum rufi ya ɗaga, ƙungiya ce ke cin ribar, shi yana nan inda yake.

Daga nan sai ka raba shekarun gida biyu, ka sa wa kowane gida farashinsa. Ga misali na ƙirƙira don ka ga yadda ake yi. A ce kakar talala ɗaya a wurinka ta kai miliyan 8, kakar 'yanci kuwa, da za ka fita kasuwa ƙungiyoyi 32 su yi rububinka, ta kai 13. Ƙungiya ta taya miliyan 9 na shekara 7. A kunne da daɗi, ai 9 ta fi 8. To haɗa: miliyan 63. Cire 32 na kaka huɗun talala, saura 31. Raba uku: miliyan 10.3. Ashe shekarunka uku mafi tsada suke so su kwashe da ragin kusan miliyan uku-uku. A nan ne za ka ce albarka, ka nuna musu takardar. Farashin gaskiya a wannan misalin ya ɗan haura miliyan 10 a shekara.

Tsawo: a nan ake yin ta

Hanyoyi uku na gani mutane suna bi, kuma kowace na da wanda ta yi wa rana.

Akwai doguwa. Dokar 2013 ta ce shekara 8 in da ƙungiyarka ne, 7 in da wata. Sabuwar yarjejeniyar da aka amince da ita a 2025, mai fara aiki a Satumban 2026, ta rage zuwa 7 da 6. Amfanin doguwa ɗaya ne, amma babba ne: kuɗin tabbas ne. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Wasa ne da ake gwara mutum da bango a guje, gwiwa na iya tafiya a dare ɗaya, bugun kai na iya raba mutum da sana'arsa yana ɗan 24. Rick DiPietro, golan New York Islanders, ya sa hannu na shekara 15 a kan miliyan 67.5 a 2006. Raunuka suka cinye shi, ƙungiya ta sallame shi a 2013, amma tana biyan sa miliyan 1.5 duk shekara har 2029. Duk mai yi wa doguwa dariya, ya fara karanta wannan shafin.

Akwai gada, wato gajeren kwantiragi na kaka biyu ko uku da zai tsallakar da kai zuwa babban ciniki. Caca ce da kanka. Nikita Kucherov ya karɓi ƙasa da miliyan 4.8 na kaka uku a Tampa a 2016, ya tara maki 128 a kakar ƙarshe ta gadar, kuma tun kafin nan ya riga ya sa wa miliyan 9.5 na shekara 8 hannu. P.K. Subban ya yi gadar kaka biyu da Montreal a Janairun 2013 a kan miliyan 5.75 jimilla, a kakar ya lashe kyautar gwarzon ɗan baya, a 2014 sai da suka biya miliyan 72 na shekara 8. Ƙungiyar ce ta nace a kan gada, ita ce kuma ta ji a jikinta.

In za ka hau gada, ka lura da inda ƙafarta ta sauka. Gadar da ta fi ƙarfi ita ce wadda za ta ajiye ka saura kaka ɗaya rak ka kuɓuta. Haka Matthew Tkachuk ya yi da Kalgari a 2019: kaka uku, matsakaici miliyan 7, amma albashin kakar ƙarshe miliyan 9. Da yake tayin riƙo a kan albashin ƙarshe ake ɗora shi, dole Kalgari ta taya 9 na kaka ɗaya, shi kuma in ya so ya karɓa, ya buga, ya tafi kyauta. A Yulin 2022 ya ce musu ba zai sa hannu na dogon lokaci ba. Cikin 'yan kwanaki aka yi musayarsa zuwa Filorida da kwantiragin miliyan 9.5 na shekara 8, ya je ya ɗaga kofi a 2024 da 2025. Timo Meier ma haka: matsakaicinsa a San Jose miliyan 6, kakar ƙarshe 10, sai da suka rabu da shi. Masu ƙungiyoyi sun gano wannan dabarar. Kwantiragin da aka sa wa hannu bayan Yulin 2020, tayin riƙonsa ba ya wuce kashi 120 cikin 100 na matsakaici. An rage wa wuƙar kaifi, amma tana yanka. In matsakaicinka 7 ne, ka tabbatar albashin kakar ƙarshe ya kai 8.4.

Sai ta tsakiya, kuma in ka tambaye ni, ga tauraron da babu shakka a kansa, ita na fi so. Auston Matthews ya sa wa Toronto hannu a Fabrairun 2019: shekara 5, miliyan 11.634. Kaka ɗaya tak ta 'yancinsa ya sayar. Ya sake komawa teburi ya karɓi miliyan 13.25 na shekara 4, wanda zai ƙare a 2028 yana ɗan 30, lokacin rufi ya yi sama, kuma da sauran ƙarfinsa. Sau uku zai ci kasuwa a inda wani ya ci sau biyu. Wannan shi ne gida na uku na littafina. Kwantiragin da zai sake ka kana ɗan 26 ko 28 ya bar maka wani babban ciniki a gaba. Wanda zai sake ka kana ɗan 33, ya cinye ka duka.

Amma fa ka yi wa kanka adalci. Hanyar Matthews ta wanda ya zura 40 a kakarsa ta farko ce. In kaka ɗaya mai kyau kawai gare ka, kuma a ranka ka san rabin makin daga abokin layinka suka fito, in an taya doguwa da daraja, karɓi abinka.

Abin da za ka matsa musu da shi

Gaskiya mai ɗaci: ɗan 21 da ya fito daga kwantiragin shiga shi ne mafi ƙarancin makami a duk gasar. Uku ne makaman, kuma na ukun ma bai zo hannunka ba tukuna.

Na farko zama a gida. Ba ka da kwantiragi, don haka ba wanda zai tilasta maka zuwa sansanin atisaye a Satumba. Sai dai akwai bango: ɗan talalar da bai sa hannu ba zuwa ƙarfe 5 na yamma agogon gabashi ranar 1 ga Disamba, ya rasa kakar duka. Ina tuna Asabar ɗin 1 ga Disamban 2018 kamar jiya. Ina zaune a kicin, littafi a buɗe, na riga na rubuta sunan William Nylander a saman shafi na bar gidajen uku fayau. Shayi ya huce ban sha ba. Ƙarfe huɗu ta wuce shiru, huɗu da rabi shiru, ina ta jan fuskar waya ƙasa da babban yatsa kamar mai jan carbi. Saura 'yan mintoci labari ya fito: shekara 6, miliyan 45. Ya samu fiye da abin da mutane da yawa suka zata, kuma ya riƙe shekarunsa, har ya zo ya karɓi miliyan 92 na shekara 8 a Janairun 2024. Amma ka dubi abin da ya biya. Wanda ya tara maki 61 a kowace daga kaka biyu da suka gabata, ya dawo ba atisaye, ya buga wasa 54 ya zura 7 kacal, 'yan kallo suka yi ta yi masa wankin babban bargo har kakar ta ƙare. Zama a gida yana aiki ne in ƙungiya na shan kashi babu kai. In tana cin wasanninta, kai agogo ke bi. Ba a fafe gora ranar tafiya: doka ta ba ka damar sa hannu tun 1 ga Yulin shekarar ƙarshe ta kwantiraginka, don haka a fara magana shekara guda kafin wa'adi.

Na biyu takardar zawarci. Wata ƙungiya na iya taya ka, ka sa hannu, sai a ba ƙungiyarka kwana 7: ko ta biya daidai abin da aka taya ta riƙe ka, ko ta sake ka ta karɓi guraben zaɓen sababbin 'yan wasa a matsayin diyya. Diyyar na hawa da kuɗin, har ta kai gurabe huɗu na zagayen farko. Shi ya sa ba a cika yi wa manyan taurari ba. A 2019 Montreal ta taya Sebastian Aho na Karolina miliyan 8.454 na shekara 5, ta jibge kuɗi masu yawa a shekarar farko da zaton mai ƙungiyar zai ji nauyi. Karolina ta biya ba tare da wata-wata ba, kuma ta riƙe abin a ciki. A 2021 ta taya Jesperi Kotkaniemi na Montreal dala 6,100,015 na kaka ɗaya, da kuɗin sa hannu dala 20 cif. Lambar rigar Aho 20, ta Kotkaniemi 15. Ramuwar gayya ke nan, har da sa hannu a ƙasa.

Wadda ya kamata ka yi nazari ita ce ta Agustan 2024. Edmonton ta fito daga wasan ƙarshe na kofi, rufi ya matse ta ko numfashi ba ta iyawa. St. Louis ta fara dawo da gurbinta na zagaye na biyu daga Pittsburgh, don doka ta ce da gurabenka na kanka za ka biya diyya, sannan a rana ɗaya ta taya Philip Broberg miliyan 4.58 da Dylan Holloway miliyan 2.29, kowanne a bakin iyakar matakin diyyarsa. Edmonton ta saki duka biyun. Don haka wakilinka ya san sauran filin da ya rage a rufin ƙungiyarka fiye da yadda manajanta ya sani, ya kuma san waɗanne ƙungiyoyi ne ke riƙe da gurabensu. Abu ɗaya kawai: kada ka sa hannu a takardar da ba ka shirya zama a garin ba, kuma kada ka sa a wadda ba za ka so ƙungiyarka ta amsa ba. Kowanne ya faru, kai za ka zauna da shi.

Na uku alƙalin raba gardama. Wanda ya fara kwantiragi tsakanin 18 da 20 sai ya yi kaka huɗu a matsayin ƙwararre kafin ya samu wannan haƙƙin, shi ya sa na ce bai zo hannunka ba. Bayan gada zai zo. Hukuncinsa na kaka ɗaya ne ko biyu, kuma da ka shigar da ƙara ƙofar zawarci ta rufe. Jeremy Swayman, golan Boston, ya je a 2023: ya nemi miliyan 4.8, ƙungiya ta ce 2, aka yanke 3.475. Ka zauna a ɗaki kana ji lauyan ƙungiyarka na lissafa duk aibinka ɗaya bayan ɗaya, gobe kuma ku haɗu a filin atisaye. Shekarar da ta biyo sai da aka kai Oktoba ana jan igiya kafin ya sa wa miliyan 66 na shekara 8 hannu. Amfanin ƙarar shi ne ranar zaman da ake sakawa, don yawanci kafin ranar ake sasantawa. Tun 2020 kuma, in an fara zaman babu sauran sulhu.

Za a kuma zo maka ta wajen zuciya: ka rage don a samu na ɗauko maka abokan wasa. Ba ƙarya ba ce zalla. Arhar MacKinnon ta taimaka wa Kolorado. Toronto kuwa, 'yan gabanta huɗu sun cinye kusan miliyan 40.5 daga 81.5, sai rufi ya daskare, aka rasa na gyara baya. Connor McDavid ya karɓi 12.5 a 2017 alhali doka ta ba shi har 15, a Oktoban 2025 ya sake sa wa 12.5 ɗin hannu na kaka biyu, kwanaki kaɗan bayan Kirill Kaprizov ya karɓi 17 a Minnesota. Amma ka lura da abin da McDavid ya karɓa a madadin ragin: kaka biyu kawai ya ba su. Babu layi ko ɗaya a kwantiragi da zai tilasta wa manaja kashe ragin da ka yi ta hanyar kirki, kuma shi kansa ana iya korar sa baɗi. In za ka rage, a biya ka da gajeren wa'adi ko da sharaɗi a rubuce.

Yadda za a zuba kuɗin

Wannan ɓangaren ne sana'ata, kuma shi yara suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ciniki ya faɗa a kan matsakaici, kowa ya miƙe zai yi musabaha. Zauna tukuna.

Nemi a mayar da mafi yawan kuɗin zuwa kuɗin sa hannu, wanda galibi ake biya dunƙule ranar 1 ga Yuli. Ga ƙungiya lissafin rufi bai canza ba. Gare ka kuwa sama da ƙasa ne. In aka garƙame filaye, albashi na tsayawa, kuɗin sa hannu na shigowa. In ƙungiya ta so sallamar ka kafin wa'adi, ɗan ƙasa da 26 kashi ɗaya cikin uku na sauran albashinsa kawai ake ba shi, wanda ya kai 26 kashi biyu cikin uku, amma kuɗin sa hannu ba a taɓa shi. A ce saura maka miliyan 21, kana ɗan 25, duka albashi ne: miliyan 7 za ka gani, su ma a rarrabe cikin ninkin shekarun da suka rage. Kwantiragin Matthews na 2019 sama da kashi 90 cikin 100 kuɗin sa hannu ne. Sabuwar yarjejeniya ta sa iyaka a kashi 60, to ka nemi sittin ɗin cif. Ka kuma nemi a tura kaso mafi tsoka zuwa shekarun farko gwargwadon yadda doka ta bari, sai dai in gada ce, inda kakar ƙarshe ce ke buƙatar nauyi.

Ka san kuma adadin da ke jarida ba shi ne zai shiga asusunka ba. 'Yan wasa da masu ƙungiyoyi raba-daidai suke yi da kuɗin shigar gasar, don haka ana riƙe wani kaso na albashi a ajiya har a ga yadda kaka ta kaya. A 2020-21 kashi 20 aka riƙe. Mai miliyan 8, miliyan 1.6 ta tafi kafin a zo maganar haraji. Daga baya ya sauko zuwa 10, sannan 6. Shi kuwa haraji, kowa da dalar Amurka ake biyan sa, amma a Ontariyo matakin sama ya haura kashi 53, alhali jihohin Filorida, Teksas, Nebada, Tenesi da Washinton ba sa karɓar harajin albashi na jiha. Miliyan 9.5 a Tampa da miliyan 9.5 a Toronto suna ɗaya ne, ba nauyi ɗaya ba. Ka ɗauki akanta wanda ya san dokar ƙasashen biyu, kuma kada ya zama na ofishin wakilinka.

Sai sharaɗin hana musaya. Doka ba ta bari ya yi aiki a shekarun talala, sai a shekarun da da kana da 'yanci. Ma'ana, in ka sa hannu na shekara 7 kana ɗan 21, kaka huɗun farko a buɗe kake, ana iya tura ka ko'ina da arhar da ka yi wa garin da kake so. Ka sa wakilinka ya rubuta maka ainihin ranar da sharaɗin zai fara aiki, ka maƙala a inda za ka riƙa gani. Ka kuma tabbatar an rubuta irin wanda kake nufi, don akwai mai hana komai, akwai wanda zai ba ka damar lissafa ƙungiyoyi goma kawai da ba ka so, sauran ashirin da ɗaya kuwa ko sallama ba sai an yi maka ba. Na Subban zai fara aiki ne ranar 1 ga Yulin 2016. Montreal ta tura shi Nashville ranar 29 ga Yuni.